Tsohon da na zana ba shi da jiya

Shekarun baya na zauna a ɗakina a unguwar Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, na zana wani tsoho don shirin zane mai motsi na yara da muke fatan kaiwa gidan talabijin. Na ba shi furfura, na ranƙwafar da bayansa, na damƙa masa sanda, na cika bakinsa da karin magana. A ganina aiki ya kammala. Da na nuna wa gwaggona, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗan nan, wannan dattijon ɗan gidan wa ne? Wace sana'a ya yi da ƙuruciyarsa?" Na rasa amsa. Tsufa kawai na zana, ban zana mutum ba.

Ƙannena masu sha'awar wannan aiki, kafin ku ɗauki fensir, ku fara da lissafi. A ce an haifi tsohonku a 1950. Yana ɗan shekara goma aka samu 'yancin kai a 1960. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya same shi saurayi, watakila yayansa ya tafi soja bai dawo ba. Yana da shekara 23 lokacin da naira ta maye gurbin fam a 1973, shi ya sa har gobe bakinsa kan suɓuce ya ce sule ko fam. Ya ga farin 1973 da idonsa, don haka in jikansa ya zubar da tuwo, faɗan da zai yi daga zuciya yake fitowa. Lokacin da aka cire Katsina daga jihar Kaduna a 1987, magidanci ne mai iyali. Yawancin wannan ba za a faɗa a shirin ba, amma ku dole ku sani.

Da na sake zama, sai na mai da shi tela. Nan take jikinsa ya samu dalili. Kafaɗunsa sun duƙa saboda shekaru arba'in a kan keken ɗinki. Tabaraunsa ya karye a gefe ɗaya, ya ɗaure da zare. Abin da na fi so kuwa, duk lokacin da ya shiga tunani, ƙafarsa takan riƙa motsi kamar tana taka keke. Sandar ma na karɓe, ba ya bukatarta.

Kuskurena na biyu ya ci mini watanni. Na sa masa babbar riga mai aska takwas, na zana aikin zare ɗaya bayan ɗaya. Ko da zane 12 kake yi wa kowace daƙiƙa, minti ɗaya zane 720 ne, kuma kowanne sai ka maimaita wannan ado. Yanzu jamfa yake sawa da hula, da tef ɗin awo rataye a wuya. Ku shafe zanenku da baƙi gaba ɗaya. In ba a gane shi daga inuwarsa ba, da sauran aiki.

Sai murya. Da farko saurayi na sa yana karkarwar murya, abin ya fito kamar ba'a ga iyayenmu, kuma har yau ina jin nauyin hakan. Daga baya na roƙi wani dattijo maƙwabcinmu, na je da ladabi bayan la'asar. Muryarsa garau take, Katsinancinsa daram, sai dai yakan ɗan yi shiru kafin ya ba yaro amsa. Wannan shirun na auna, na bar masa gurbi a cikin zanen.