Godiya ga Allah da ku 'yan'uwa

Salama a gare ku duka cikin sunan Yesu. Na daɗe ina so in rubuta wannan, kunya ce ta hana ni.

Waɗanda suka san ni sun san tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a su Ikeja da Surulere da Apapa a 2022 na sayar da mashin ɗina, na haɗa kuɗin da wani ɗan garinmu muka fara sarin tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12. Kwano ɗaya muke cin abinci da shi a Agege. Rana ɗaya ya ce zai je Arewa ɗauko kaya, ya tafi da kuɗin, shi ke nan, waya a kashe, kusan shekara biyu.

Gaskiya ban yi haƙuri ba, kar wani ya yabe ni. Ina zuwa sujada, ina riƙe littafin waƙa, amma in aka zo wurin gafarta wa masu yi mana laifi a Addu'ar Ubangiji sai in yi shiru da bakina. Da dare kuwa roƙona ɗaya ne, Allah Ya nuna masa. Har hawan jini ya kwantar da ni.

Baba Fasto, na gode. Da ka zo gaishe ni ba ka yi mini faɗa ba, ka zauna bakin katifa ka buɗe Matiyu 18, bawan nan da aka yafe wa talanti dubu goma ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari ɗari, ka rufe littafin ka ce in sha magani. Daren nan ban yi barci ba, ashe ni ma ina da tuban da zan yi, ni da nake ganin ni aka zalunta. Matiyu 5:44 kuma, ayar da ta ce mu yi wa masu tsananta mana addu'a, wadda na haddace tun ina yaro, sai da na yi sati ina gwada ambaton sunansa a addu'a kafin ya fito ba ɗaci.

Iyayenmu na zumuntar mata, kunun gyaɗan nan da kuka riƙa aikowa a fulas, Ubangiji Ya sāka. Matata, ke kam sai dai Allah. Alhaji maƙwabcina a kasuwa da ka ba ni kwando biyar bashi ba takarda ba shaida, ban manta ba.

Watan jiya ɗan garin namu ya dawo, ya rame har ban gane shi ba, ya durƙusa a ƙofar ɗakina yana kuka. Na ɗaga shi, Maman yara ta zuba masa tuwo. Kuɗin bai dawo duka ba, yana kawo abin da ya samu duk ƙarshen wata a gaban dattawa biyu.

Lahadi mai zuwa za mu yi godiya a sujadar Hausa, da shi za mu fito gaba. Don Allah in kun gan shi ku gaishe shi kawai, kar a tambaye shi komai.