Bin layin famfo da wayar hannu a Sakkwato: abin da aikin taswira ya koya min

Duk wanda ya ce maka aikin taswirar bututun ruwa zaman ofis ne gaban kwamfuta, to bai taɓa bin layin famfo da ƙafa cikin zafin Afrilu na Sakkwato ba. Aikin namu dai shi ne mu san inda kowane bututu ya bi ƙarƙashin ƙasa, inci nawa ne, na roba ne ko ƙarfe ko tsohon asbestos ɗin nan, ina bawul yake, sai mu zuba komai cikin QGIS, manhaja ce ta kyauta ko kwabo ba ka biya. Amfaninsa, ranar da bututu ya fashe a Mabera ko Runjin Sambo a buɗe taswira a ga bawul ɗin da za a rufe, ba wai a kashe ma unguwa guda ruwa saboda gida goma ba.

GPS na waya yana da daɗin aiki amma kar ka ba shi amana duka, yana iya kauce maka da mita 3 zuwa 5, kuma a lungunan cikin gari wajen Kanwuri mita 5 ai ka shiga zauren maƙwabci ke nan. Shi ya sa kowane bawul sai mun ja tef daga falwaya ko kusurwar masallaci, mu ɗauki hoto mu haɗa. Ga kuma tsofaffin taswirorin takarda, yawancinsu an zana su ne da ma'aunin Minna, wato tsarin sanya wuri a taswira na nan Najeriya, waya kuma da na duniya mai suna WGS 84 take aiki, in ka ɗora ɗaya kan ɗaya ba ka daidaita ba sai ka ga bututu ya matsa gomman mitoci ya bi ta tsakar gidan mutane.

Amma fa babbar taswirar garin nan tana cikin kan tsofaffin masu gyaran famfo, wannan kam ba na tababa. Akwai wani dattijo da ya yi ritaya muke ɗaukarsa a mota, muna ta zagaye da na'urar gano ƙarfe shi ko yana tsaye yana kallonmu, can ya ce min, "Ɗana, wanga bawul da kaka nema kwalta ta binne shi tun tuni, tona nan daidai bakin shagon ga." Na ce, "Baba, kun tabbata?" Ko amsa bai ba ni ba. Aka tona, ga bawul nan ya yi tsatsa. Kuma na'urar da muke taƙama da ita ba ta ma jin bututun roba sam. Irin waɗannan mutane suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga ana rububin zama da su ana rubuta abin da suka sani ba, abin na damuna gaskiya.

Wajen ruwan datti kuma labarin daban ne, mu nan ba wani babban bututun bahaya da ya haɗe gari, kowane gida da sokawe ko masai nasa, sauran kuma lambatu da kwalbati. To da muka ɗora layin lambatu kan layin famfo a allo guda sai ga wurare birjik inda ƙaramin fayif na gida ya ratsa ta cikin kwata. In akwai ruwa da ƙarfi ba ka ganin matsala, amma da an ɗauke ruwa ƙarfin ya faɗi, duk inda ya tsage sai ya zuƙo dattin ciki, gobe a sako ruwa ya tafi randar mutane. Ruwan da aka sako tun daga madatsar Goronyo ya biyo Rima aka sha wahalar tace shi, ya zo ya lalace taku biyar daga ƙofar gida, da damina kuma a ce amai da gudawa ya ɓarke.

Sai maganar sabuntawa, nan ne yawanci ake sakaci. Yau ɗan kwangila ya yi titi ya matsar da layi, gobe wani ya yi haɗin dare bai gaya ma kowa ba. Dabarar da muke yi yanzu, duk mai gyaran da ya tona rami kafin ya rufe sai ya turo hoto da lokeshan ta WhatsApp, mu kuma mu shigar ƙarshen mako. Wasu na turowa, wasu sai ka kira ka kira, su ce ba su da data.