Darussa daga rigimar gwajin zuciyar matuƙa jirgin sama a Amurka

A watan Oktoban 2022 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta gyara wani layi a kundin da likitocin matuƙa jirgi ke aiki da shi. Gyaran ya shafi awon da ake kira tazarar PR a gwajin zuciya na ECG. Sabon umarnin ya ce muddin tazarar ba ta kai milisakan 300 ba (milisakan dubu ne sakan ɗaya), kuma matuƙi ba ya jin wata alamar ciwo, likita zai iya ba shi takardar shaidar lafiya ba tare da ƙarin bincike ba. A Janairun 2023 wani ɗan kasuwa mai suna Steve Kirsch ya rubuta cewa an sassauta ƙa'idar ne a ɓoye domin rigakafin korona ya lalata zukatan matuƙa. Magana ta bazu kamar wutar daji, har Sanata Ron Johnson na jihar Wisconsin ya aika wa hukumar wasiƙar neman bayani.

Abu na farko da wannan rigima ta koya wa masu karanta ECG shi ne, lamba ba ta da ma'ana sai an san abin da take aunawa. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Wutar da ke sa ta bugawa tana tashi daga ɗakin sama na dama, ta isa wata mahaɗa da ke tsakanin sama da ƙasa, ta ɗan dakata a nan har jini ya gama zuba cikin ɗakunan ƙasa, sannan ta wuce. Tazarar PR ita ce lokacin wannan tafiya, daga farkon ƙaramin tudun P zuwa farkon tsinin QRS, alamomi biyu da na'ura ke zanawa a takardar gwajin. Takardar gwajin tana tafiyar milimita 25 a kowane sakan, don haka ƙaramin gida ɗaya milisakan 40 ne, babban gida kuma 200. A lafiyayyen mutum tazarar kan kasance ƙaramin gida uku zuwa biyar, wato 120 zuwa 200. Duk hayaniyar nan a kan ratar da ke tsakanin gida biyar da gida bakwai da rabi aka yi ta.

Idan tazarar ta wuce 200 ana kiran ta toshewa mataki na ɗaya. A wannan mataki kowane saƙon wuta yana isa ƙasa, jinkiri kawai yake yi, babu bugun da ke faɗuwa. Ana yawan ganin sa a masu motsa jiki sosai da bugunsu ke tafiya a hankali, da masu yawan shekaru, da masu shan wasu magungunan hawan jini irin su atenolol, verapamil da diltiazem, ko kuma digoxin. An san wannan tun shekaru da dama kafin korona. Dalilin zaɓen 300 kuwa, daga nan ne ɗakunan sama kan fara matsewa kusa da lokacin da ƙofofin ƙasa ke rufe, mutum ya fara jin kasala, jiri ko haki. Toshewar da bugu ke faɗuwa a cikinta ba zato, da wadda sama da ƙasa suka rabu gaba ɗaya, gyaran bai taɓa su ba.

A wurin awon ma ana yin kuskure. Lambar da na'ura ke bugawa a saman takarda ba abin dogaro ba ce ita kaɗai, musamman idan tudun P ya shige cikin tudun T, wato tudun da ke biyo bayan QRS, na bugun da ya gabata. Akwai na'urorin da ake saitawa a milimita 50, sai komai ya yi faɗi ninki biyu a idon wanda bai duba saitin ba. Mai karatu ya ƙirga gidajen da kansa, ya kwatanta da takardar bara.

Darasi na biyu ya fi nauyi: kada a musanta gaskiyar da jita-jita ta jingina da ita. Kumburin tsokar zuciya bayan rigakafin Pfizer da Moderna gaskiya ne, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta sanya gargaɗi a kansa tun Yunin 2021. Ba kasafai yake faruwa ba, ya fi samun samari da matasa maza 'yan ƙasa da shekara 30, galibi cikin 'yan kwanaki bayan allura ta biyu. Yana zuwa da ciwon ƙirji, ƙarancin numfashi ko bugu mai ƙarfi, ana kuma gano shi da gwajin troponin a jini, da sauyin layin ST da ke tsakanin QRS da tudun T a takardar ECG, da hoton zuciya. Cutar koronar ita ma tana haddasa shi. Likitan da ya ce wa matuƙi "babu komai" ya zubar da yardar da ake yi masa. Abin da ya dace shi ne ya nuna masa cewa wannan cuta daban, tsawon PR na wanda ba ya jin komai daban. Ko shekarun ma ba su haɗu ba, domin dokar Amurka tana neman ECG ga mai takardar lafiya aji na ɗaya, irin ta matuƙan manyan jiragen fasinja, a gwajin farko bayan ya cika 35, sannan duk shekara daga 40. Hukumar FAA ta ce likitocin zuciya masu ba ta shawara ne suka kawo shawarar gyaran, kuma ba ta da shaidar wani hatsarin jirgi da rigakafin ya jawo. Tun Disamban 2020 ta umarci matuƙa su dakata da tuƙi na awa 48 bayan kowace allura, saboda zazzaɓi da ciwon jiki.

Sai dai hukumar ma tana da nata laifin. Gyara irin wannan, a lokacin da mutane ke cikin zargi, ya cancanci bayani a fili ranar da aka yi shi. Da aka bar shi a cikin kundi, wasu ne suka fara ba da labarinsa, bayanin hukuma ya zo daga baya yana bin sawu.

A ɗakin gwaji, idan matuƙi ya zo da tazarar 240, tambayoyin ba su canza ba. Ya taɓa suma ko jin jiri? Wane magani yake sha? Yaya faɗin QRS yake, kuma akwai bugun da ya faɗi a doguwar takarda? Idan an sa shi ya ɗan motsa jiki bugun ya tashi kuma tazarar ta ragu, alama ce ta jinkirin da hutu ke kawowa. Idan ta kai 300, ko bugu yana faɗuwa, ko akwai wata alama, sai a miƙa lamarin ga hukumar, a ɗaura masa na'urar Holter mai naɗar bugun zuciya ta kwana ɗaya, a yi gwajin gudu a kan inji da hoton zuciya kafin a yanke hukunci.