Wasiƙa zuwa ga iyaye da malaman Damagaram: a fita da yara su ga yadda tsiro ke watsa irinsa

Assalamu alaikum, iyayena da ƴan'uwana na Damagaram. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan an yi damina lafiya, ina rubuto muku ne daga Rennes, a yammacin Faransa, kan wani darasi da na ga ana yi wa ƙananan yara a fili, wanda nake ganin mun fi mutanen nan kayan yin sa.

A bakin rafukan ƙasar nan akwai wani tsiro mai fure ruwan hoda, Impatiens glandulifera, ɗan asalin duwatsun Himalaya, wanda aka fara kawowa Ingila a 1839. Idan kwanson irinsa ya ƙosa, ruwa yakan cika fatarsa ta ɗaure tamau, sai yaro ya taɓa shi da ɗan yatsa ya fashe fat, fatar ta nannaɗe, ƙwayoyin su tarwatse, wasu har nisan mita 7. Yaɗuwarsa ta yi yawa har Tarayyar Turai ta saka shi cikin tsirrai masu mamaye ƙasa a 2017, shi ya sa malamar da na gani take sa yara su fasa shi cikin leda. Daga nan take tambayarsu dalilin da ya sa tsiro ke jifa da ƴaƴansa nesa, su yi ta musu har ɗayansu ya gano cewa wanda ya fito a gindin uwarsa ba zai samu isasshen ruwa da rana ba.

A wajenmu kuwa, ana komawa makaranta a watan Oktoba, daidai lokacin da kaka ke kamawa. Kwanson waken daji yakan bushe ya murɗe ya tsage da kansa, alhali na gona yana riƙe ƙwayarsa, domin kakanninmu sun daɗe suna zaɓen irin da ba ya zubewa. Riɗi ma yakan buɗe baki, shi ya sa ake yanke shi tun bai bushe ba. Tumfafiya iska take ba audugarta, ƙarangiya kuma ta maƙale a wando.

Ina roƙon malamai, daga Birni har Mirriya, su fita da yara bayan gari da hantsi, su shimfiɗa farin zane a gindin tsiro, yara su auna nisan ƙwayar da takun ƙafa. Sai dai a kula matuƙa: ƙwayar zurma guba ce, ko da yake kwansonta na fashewa gwanin sha'awa, kuma nonon tumfafiya na cutar da ido, don haka waɗannan biyu malami ne kaɗai zai riƙe su.

Wassalam, daga ɗan'uwanku a Rennes.