Sunan Iya da Na Tsallaka Kogi Nema

Ranar Alhamis da asuba matata ta sauka, aka samu mace. Ina tsaye a bakin ɗaki ƙanwar mahaifina ta fito da jaririyar naɗe cikin zane, ta miƙo mini ta ce, "Ga Iya ta dawo." Ban musa ba. Tun cikin yana wata 5 na ƙudurta a raina cewa in mace ce sunan kakata za ta ci, wadda ta haifi babana, wadda a ɗakinta na yi wayo a nan unguwar Ambasatna cikin Njamena. Na yi kiran salla a kunnen dama, na yi iƙama a na hagu, na buɗe baki zan raɗa suna, sai na tsaya cak. Ashe ban san sunan Iya ba.

Shekara 22 na yi tare da matar nan kafin Allah Ya karɓi abarsa. 'Ya'yanta Iya suke cewa, mu jikoki muka bi sahu, mutanen unguwa kuwa Hajiyar Goyo suke kiranta, saboda a bayan uwarta ta yi ɗawafi. Mijinta bai taɓa kama sunanta a gabanmu ba. Na buɗe tsohuwar adakarta na ciro katin shaidarta, na tarar ma'aikacin da ya cike shi Hadjé kawai ya rubuta, ya ɗora sunan mahaifinta a gaba. Babana, wanda da shi zan tambaya a sauƙaƙe, ya riga mu gidan gaskiya da daɗewa. Sau nawa muka zauna shan shayi da shi, muka yi hirar kasuwa, muka yi ta siyasa, amma wannan tambaya guda ba ta taɓa zo mini ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Da dare na sami Gwaggo a tsakar gida tana tace kunun kanwa na maijego. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, mene ne sunan Iya na yanka?" Ta ɗago ta dube ni kamar na zage ta. "Kai ɗan nan, ni ce zan kama sunan uwata?" Na yi ta lallashi. Daga baya ta sassauta murya ta ce ita kanta bai fi sau biyu ta ji shi ba, tana yarinya, kuma wani suna ne na mutanen Gabas da ba ta iya riƙe shi daidai ba. Ta ce in ina son gaskiyar magana in tafi Kusiri wurin aminiyar Iya, wadda suka yi 'yan matanci tare tun garin nan namu na Njamena ana ce masa Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973.

Asabar da sassafe na hau babur zuwa gadar Ngeli, na tsallaka kogin Logon na shiga Kamaru, ɗauke da goro da sukari da ganyen shayi. Na sami tsohuwar a kan tabarma, ido ya tafi amma kunne da ƙwaƙwalwa garau. Da na faɗi ko ni jikan wace ce, ta lalubo hannuna ta riƙe, ta ce, "Angona, sai yau ka tuna da ni?" Muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ba ta ba ni amsa nan take ba. Sai da ta ɗauko labarin daga tushe, ni kuma na gode Allah da ban katse ta ba.

Iyayen Iya mutanen ƙasar Kano ne da suka fito aikin Hajji a ƙasa, kamar dubban Hausawa na zamaninsu. Hanyar sananniya ce: Borno, Fort-Lamy, Abeshe, Adire, Jinaina, Fashir, Ubayyid, har bakin Nilu, daga nan Sawakin a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru. Guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma ko ɗinki ko koyar da allo, a tara a ƙara gaba. Su sun yada zango kusa da Maiwurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, suna aikin auduga a gonakin Jazira da aka buɗe bayan gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. A can aka haifi Iya. Haihuwar ta zo da gardama, wata Balarabiya maƙwabciya ta kwana biyu a kan uwar har ta sauka lafiya. Uban ya rasa abin da zai saka mata da shi, ba shi da saniya ba shi da zinariya, sai ya sa wa 'yar sunanta. A hanyar dawowa suka tsaya Fort-Lamy, suka ce sai damina ta wuce, ba su ƙara gaba ba.

"To, Kaka, sunan fa?" Ta yi murmushi ta ce, "Tumalira. Ni kaɗai nake kiranta da shi, ni ma sai in muna mu biyu."

Na dawo gida da murna, amma murnar ba ta kai magariba ba. Baffana, wan mahaifina, ya ce bai taɓa jin wannan suna a bakin wani malami ba, kuma ba zai tsaya a yanka rago a kan sunan da ba a san asalinsa ba. Wani ƙanena ya duba a waya, bai samo komai ba. Na kwana ina juyi.

Lahadi bayan sallar asuba na tsaya wurin malamin da ke karantar da fiƙihu a zauren unguwarmu. Ya sa na maimaita sunan sau uku. Ya jawo allo ya rubuta shi da ajami, ya zuba masa ido, sai ya goge lam ɗin da yatsa ya sa harafin da Larabawa ke kira dad. Ya ce, "Karanta." Na karanta: Tumadir. Ya ce ai bakin mutanenmu na da haka yake yi da wannan harafi, lam yake mayar da shi. Shi ya sa muke cewa alƙali, alwala, farilla, lamiri, Ramalan, Murtala, alhali duk da dad suke a Larabci. Wasalin ƙarshe kuma ƙarin Bahaushe ne, don harshenmu ba ya son ya tsaya a kan baƙi. Wannan abu na sha faɗinsa a baki tun ina yaro, ban taɓa lura ba sai da ya zama mabuɗin sunan kakata.

Daga nan Malam ya buɗe mini mata biyu. Ta farko ita ce wadda duk ɗalibin Larabci ya sani da Hansa'u, mawaƙiyar ƙabilar Banu Sulaim, wadda marsiyyoyinta a kan 'yan'uwanta Sakhru da Mu'awiya suka gagari maza a kasuwar Ukaz. Ta zo Madina da mutanenta ta musulunta, kuma ruwaya ta shahara cewa 'ya'yanta maza 4 sun yi shahada a yaƙin Ƙadisiyya. Hansa'u laƙabi ne, daga siffar hanci irin na barewa. Sunanta na yanka Tumadir 'yar Amru. Da ya faɗi haka sai na ji tsigar jikina ta tashi, domin abin da ya sami Iya ke nan: laƙabi ya haɗiye suna. A ƙasar Hausa ana samun masu suna Hansa'u ko Hansatu, amma da wuya ka sami wanda ya san abin da uwarta ta kira ta da shi.

Ta biyu ita ce Tumadir 'yar Asbagu, shugaban ƙabilar Kalb ta Dumatul Jandal, wadda Abdurrahman ɗan Aufu ya aura a shekara ta 6 bayan Hijira. Ita ce ta haifi Abu Salama, ɗaya daga cikin manyan malaman Madina. Malam ya ce almajiran fiƙihu suna wucewa ta kanta ba su sani ba: ita ce matar da mijinta ya saka yana cikin ciwon ajali, Halifa Usmanu ya ba ta gado, kuma a kan wannan hukunci malaman Malikiyya suke kafa hujja har gobe. Ma'anar sunan kuma, in ji shi, malaman lugga suna kai shi ga tushen da ya ba da kalmar nono mai tsami, suna fassara shi da fari da laushi, tushe ɗaya da sunan Mudar, kakan ƙabilun Larabawa da yawa.

Na kai wa Baffa wannan bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Matar ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna? A sayo rago."

Saura matata. Ita damuwarta daban ce, kuma na ga gaskiyarta. Ta ce, "Baban yara, ka faɗi sunan nan da sauri ka ji. Yara a makaranta tumatir za su mayar da ita." Na maimaita a raina, na ji haka ne. A ganina wannan yana cikin abin da ya hana sunan kama ƙasa a bakin Hausawa, ko da waɗanda suka yi karatun Larabci sun gamu da shi a littafi. Uwa tana auna suna da kunnen yaran layi, uba kuwa sau da yawa da tarihi kawai yake aunawa. Da na yi gaban kaina ban saurare ta ba, da 'yata ce za ta ɗauki nauyin.

Cikin kwanakin da suka rage na shiga tambaya, don in san ko akwai mai sunan a kusa da mu. Ƙanena ya nuna mini cewa hukumar inshorar jama'a ta Amurka tana da jerin sunayen jarirai tun daga 1880, kuma ba ta fitar da sunan da bai kai yara 5 a shekara ba, Faransa ma hukumar ƙididdigarta tana da irinsa tun daga 1900. Abin sha'awa ne, amma 'ya'yansu suka ƙirga, ba namu ba. Rajistar da ta fi mini amfani ita ce wanzamin gidanmu, wanda ya yi wa babana aski ya yi mini, kuma babu wani gidan suna a unguwar da bai shiga da zabirarsa ba. Ya ce ya aske Ashta da Halime da Zara da Falmata ba iyaka, ya aske Ladi da Talatu da Kande a da, yanzu kuma Amira da Hanan da Afnan ne suka cika gari, amma Tumadir bai taɓa ɗora aska a kanta ba. Malamai mata biyu na Islamiyya suka ce haka.

Inda na sami mai sanin sunan ban zata ba. Akwai wata baiwar Allah da ta gudo daga Jinaina a 2023, ta shigo ta Adire, tana sayar da shayi kusa da shagona. Na faɗa mata a cikin hira. Ta ajiye buta ta dafa ƙirji ta ce sunan ƙanwar uwarta ke nan, kuma a wajensu ba baƙon suna ba ne. Ta faɗe shi da dad mai nauyi, irin wanda bakina ba ya iyawa, idonta ya kawo ruwa. Hanyar da iyayen Iya suka bi suka nufi gabas da guzurin ibada, ita ce wannan mata ta biyo ta nufo yamma da gudun rai. A ƙasashen Larabawa ma sunan yana raye: Tamadur ar-Rammah da aka naɗa mataimakiyar ministan ƙwadago a Saudiyya a 2018 sunan ne, wasali kawai ya bambanta.

Daren Laraba muka zauna ni da matata muka yanke shawara. Sunan yanka Tumadir, yadda yake a littafi. Na kira a gida Tumalira, yadda bakin mahaifin Iya ya faɗe shi, wanda ba ya kama da komai a kasuwar kayan miya. Na kuma roƙi alfarma guda a wurin manya: a bar ni in riƙa kiranta da sunan. Na san al'ada, wadda ta ci sunan kaka Ummi ko Mama ko Walida ake ce mata, kuma ba raina alkunya nake yi ba, a cikinta aka raine ni. Sai dai na ga inda ta kai mu, har sai da na tsallaka kogi na shiga wata ƙasa kafin in ji sunan matar da ta goya ni. Baffa ya yi shiru, can ya ce ni jika ne ba ɗa ba, tsakanin jika da kaka kuwa babu wannan nauyi.

Alhamis da hantsi aka raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya. Sai da aka sa shi ya maimaita, domin mutanen bayan rumfa kowa tambayar na kusa da shi yake yi.

Wajen takardar haihuwa na yi sakaci. Da baki na faɗa wa ma'aikacin sunan, ban duba ba na ninke takarda na sa aljihu. Sai a gida na ga ya rubuta wani abu dabam, ya raba shi gida biyu kamar suna da sunan uba. Gyaran ya ci mini zuwa uku da yinin kasuwa biyu. A zuwan ƙarshe da kaina na rubuta shi a farar takarda da manyan baƙaƙe, Toumadir yadda Faransanci ke so, da Larabci a ƙarƙashinsa, na miƙa. Daga baya na sayi littafi mai bango mai ƙarfi, na bi Baffa da Gwaggo ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta sunayen yanka na duk wanda suka iya tunawa a danginmu, da laƙabinsa, da garin da aka haife shi. Wanda Gwaggo ba za ta iya furtawa ba sai ta aike ni wurin wanda zai iya. Na koma Kusiri da jaririyar bayan arba'in, tsohuwar ta shafa fuskarta da tafin hannu ta kira ta sau uku.

Gwaggo dai har yanzu Iya take ce mata. In na shigo daga kasuwa na ƙwala kiran Tumalira, sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi ta rufe baki, kamar mai sunan tana zaune a ɗakinta tana ji.