Ranar da ƙwayoyin suka tsaya cak

Watanni na yi a ɗakin gwaje-gwaje ina haɗa wasu ƙananan ƙwayoyi masu tafiya da ƙarfin haske. Kowace ƙwaya faɗinta bai wuce mikromita 2 ba, sai ka jera wajen talatin kafin su kai kaurin silin gashi. Jikinsu na wani farin sinadari ne mai suna titaniyom dayoksaid, muna lulluɓe rabinsu da zinariya. Da zarar hasken ultrabayolet, wani nau'in haske da ido ba ya gani, ya sauka a kansu, ɓangarorin biyu sai su yi aiki daban, ƙwayar ta fara tura kanta cikin ruwa, tana kuma sakin sinadarai masu kaifi da ke farfasa gurɓatattun abubuwa. Tun 1972 Fujishima da Honda suka nuna a Japan abin da haske ke yi wa titaniyom dayoksaid, a 2004 kuma masana a jami'ar Penn State ta Amurka suka sa 'yan sandunan zinariya da filatinom yin iyo da kansu.

Daren da na fara ganin nawa suna gudu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ban iya barci ba. Na zuba su a ruwan rinin methylene blue, shuɗin ya dushe, na garzaya wurin malamata.

Ta duba, ta ce, "Ka gwada a cikin duhu?" Ban gwada ba. Da na rufe kwalbar da takardar alminiyom, sai ga shuɗin ya ragu ko babu haske, ashe wani ɓangare na rinin mannewa kawai yake yi a jikin ƙwayoyin. Ta kuma nuna mini cewa gushewar launi ba ta nufin gubar ta ƙare, domin rinin kan karye zuwa wasu sinadarai marasa launi da ido ba ya gani. Daga ranar nake ajiye kwalba ɗaya a duhu a kowane gwaji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gishiri. Duk gwajin a tataccen ruwa na yi shi. Ni kuwa ɗan Kano ne, abin da ya ja ni wannan fanni shi ne ruwan da ke fitowa daga masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa, kuma kowa ya san da gishiri ake adana fata kafin a jeme ta. Na ɗiga ɗan ruwan gishiri a samfurina, na leƙa. Suka tsaya cak, sai ɗan karkarwar nan da kowace ƙura ke yi a ruwa. Tafiyarsu ta dogara ne ga ɗan ƙaramin cajin lantarki da suke haifarwa kewaye da kansu, gishiri kuwa yana kashe shi.

Akwai kuma batun rana. Ultrabayolet bai wuce kashi 5 cikin ɗari na haskenta ba, ruwan jima kuma duhu gare shi. Yanzu ina gwada sa musu ɗan ƙarfe domin a iya janye su da maganaɗisu bayan sun gama aiki, kuma kowane sabon samfuri da ruwan gishiri nake fara gwada shi.