Shari'ar ɗankwalin Samantha da kotun da ba ma kula da ita

Duk sanda aka yi maganar shari'a a Amurka hankalinmu Kotun Ƙoli yake tafiya, ita ce ake ji a BBC da VOA, amma wallahi in ka duba da kyau kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya su ne ke riƙe da wuyan mutane. Guda 13 ne, kuma kusan duk ƙarar da ta je gabansu a nan take ƙarewa, don Kotun Ƙoli ba kowace ƙara take karɓa ba, dubbai ake kai mata duk shekara ta zaɓi ƙasa da 100 ta saurara, sauran kuma sai haƙuri.

Shari'ar da ta sa ni wannan tunani ita ce ta Samantha Elauf, wata yarinya Musulma a garin Tulsa na jihar Oklahoma. A 2008 tana 'yar shekara 17 ta je neman aiki a wani shagon kayan yara na kamfanin Abercrombie & Fitch, ta je intabiyu da baƙin ɗankwali a kanta. Mataimakiyar manaja da ta yi mata intabiyun ta ga ta cancanta, ta ba ta maki mai kyau, sai dai abin ɗankwalin ya tsaya mata a rai don kamfanin na da dokar shiga da ta hana ma'aikata sa hula. Ta tambayi na sama da ita, shi kuma ya ce ai ɗankwali ma ya saɓa dokar, kar a ɗauke ta. To a wajen intabiyun nan ba wanda ya ambaci addini, ita ba ta ce komai ba su ma ba su tambaya ba, kuma nan ne duk rigimar ta ta'allaƙa.

Hukumar EEOC ta gwamnatin Amurka, wadda ke bin kadin ma'aikatan da aka nuna wa bambanci, ita ta shigar da ƙara a 2009 a ƙarƙashin dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta hana a ƙi ɗaukar mutum aiki saboda addininsa. A kotun farko sun yi nasara har aka ce a ba ta dala 20,000. Kamfani ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun shiyya ta 10 da ke zama a Denver, wadda ke kula da jihohi 6, Oklahoma da Kansas da Colorado da Utah da Wyoming da New Mexico.

A watan Oktoban 2013 kotun nan ta juya hukuncin gaba ɗaya. Wai tunda yarinyar ba ta buɗe baki ta ce ɗankwalin na addini ne kuma tana buƙatar a ɗaga mata ƙafa ba, to kamfani ba shi da laifi, dole sai mai neman aiki ya sanar da kansa. Ni fa nan ne abin ya ɗaure min kai, yarinya 'yar 17 da ba a faɗa mata ɗankwalinta ne matsalar ba, ta yaya za ta nemi sassauci a kan abin da aka ɓoye mata? Su sun san dokarsu, sun ga ɗankwali, sun yi zaton Musulma ce, sun yi shawararsu a bayan idonta sun gama, sannan a ce ita ce ba ta yi magana ba. Haba.

Ba wai alƙalan ba su da hujja ko kaɗan ba, tsoronsu shi ne kar a tilasta wa masu kamfani su dinga kallon mutum suna cankar addininsa, wanda shi ma wani nau'in bambanci ne. Na fahimci wannan. Amma mafita ai mai sauƙi ce, ka faɗa wa mai neman aiki ga dokar shigarmu, za ka iya? Shi ke nan, in akwai matsala zai faɗa.

Da aka je Kotun Ƙoli mai shari'a Samuel Alito ya kawo misalin mutum huɗu sun zo intabiyu, ɗan Sikh da rawaninsa, Bayahude da hularsa, Musulma da hijabi, da sista ta Katolika da kayanta, ya tambaya shin sai kowannensu ya yi bayani cewa ba don gayu ya yi shigar ba? Ranar 1 ga Yunin 2015 aka yanke hukunci, alƙalai 8 suka goyi bayan EEOC, Clarence Thomas kaɗai ya saɓa. Mai shari'a Antonin Scalia ne ya rubuta hukuncin, mutumin da kowa ya sani da ra'ayin riƙau, ya ce abin dubawa shi ne dalilin da ya sa aka ƙi ɗaukar mutum, ko da zato kawai mai kamfanin yake yi game da addinin, in dai don gudun yin sassauci ya ƙi ɗauka to ya karya doka.

Mu ma mun ga irin wannan doguwar tafiyar a shari'ar hijabin ɗaliban Legas, babbar kotu ta goyi bayan hani a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta soke a 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2022.

Abin da nake so 'yan uwanmu da ke zaune a Amurka su lura shi ne, daga Oktoban 2013 zuwa Yunin 2015 hukuncin Denver ɗin nan shi ne doka a jihohi 6 ɗin can, alhali a wasu shiyyoyin kotuna na cewa ya isa idan mai kamfani ya samu labari ta kowace hanya. Doka ɗaya, fassara daban daban, ya danganta da jihar da kake. Samantha ta isa sama ne don lauyoyin gwamnati ne suka ɗauki ƙarar, kuma shiyyoyin sun saɓa da juna, duk da haka sai da ta ci shekara 7, kuɗin da kamfanin ya biya ta a ƙarshe bai kai dala 26,000 ba.